Damina biyu a gidan da Baba dillali ya samo min a cikin birnin Kano

Tun da na dawo cikin gari da zama, da wuya sati ya wuce wani a layinmu na Kantin Kwari bai tsayar da ni ya ce, "Don Allah wa ya samo maka gidan nan, kuma yaya ka same shi?" ba. Da farko nakan ce a dakata tukuna. Gida ba yadi ba ne da za ka murza da yatsa ka san ingancinsa nan take. Sai ka kwana a cikinsa da zafi, ka kwana da sanyi, ruwan Agusta ya same ka a ciki. Yanzu na ci damina ɗaya, ga ta biyu tana shirin ɗaukewa, don haka zan faɗi abin da na gani game da dattijon da ya yi min dillanci. Ba zan kama sunansa ba, haka ma sunan lungunmu. Mu dai Baba muke ce masa.

Da can bayan Rijiyar Zaki nake zaune, ciki da falo a gida mai fili, iska ta ko'ina. Kuɗin mota ne ya tashe ni. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kuɗin Adaidaita Sahu ya bi ta. Hawa biyu nake yi zuwa kasuwa, hawa biyu dawowa, ga abincin rana da dole in saya. Ni kuwa tebur gare ni na atamfa da yadi, ba shago ba. Wani dare bayan isha muka zauna da mai ɗakina muka buga lissafi, sai ga shi abin da nake ba 'yan Adaidaita a shekara ya haura kuɗin hayar gidan da muke ciki. Ita ta fara cewa mu nemi cikin gari.

Wanda bai taɓa neman haya a cikin badala ba, ba zai san wahalarta ba. A sababbin unguwanni za ka ga an rubuta a jikin katanga, ko an kafa allo da lambar waya. A Koki ko Zango ko Yakasai ko Makwarari da wuya ka ga haka. Ɗaki in ya tashi, labarinsa a bakin mutum uku ko huɗu yake, kafin ka ji an ba ƙanin wane da zai yi aure. Na fara da samarin nan masu saka hotunan gidaje a Facebook da WhatsApp. Sau uku ina biyan kuɗin gani, naira 3,000 kowane zuwa. Na farko, hoton daban gidan daban. Na biyu, mun je mun tarar amarya ta tare kwana biyu da suka wuce. Na uku kuwa wanda ya kai ni bai ma san mai gidan ba. Wani dillalin ya kira, shi ma ya kira wani, muka tsaya a rana su uku kowa yana jiran rabonsa daga aljihuna. Daga nan na haƙura da su.

Ubangidana na kasuwa, wanda na yi wa yaron shago shekara bakwai, shi ya tura ni wajen Baba. Wurin zamansa benci ne da tabarma a wata rumfa kusa da masallacin unguwa, can yankin Ƙofar Wambai. Dattijo ne da zai kai shekara saba'in, da ƙaramar waya mai madannai, da tsohon littafi mai bangon kwali, da tarin makullai a aljihun gaban riga. Na gaishe shi, na faɗi wanda ya aiko ni, na fara bayanin irin gidan da nake so. Sai ya ɗaga min hannu. Shi ya fara tambaya. Ɗan gidan waye ni a asali? Mata nawa, 'ya'ya nawa? Ina da janareto? Iyalina tana sana'a a gida, kuma in tana yi, da injin markaɗe ne? Akwai ƙannena samari da za su riƙa kwana? Me ya raba ni da mai gidan da nake ciki? Ya fi minti ashirin yana yi, har raina ya fara sosuwa, shi ma ya lura.

"Ɗana, yi haƙuri," in ji shi. "Mutanen nan da su na tashi, a cikinsu za a yi min sutura. In na kai musu ɗan haya, maƙwabci na kai musu. Ranar da ka ɓata, ba kai za a tara a masallaci ba, ni za a tara."

A lokacin na ɗauki maganar a matsayin hikimar tsofaffi kawai. Sai daga baya na gane a cikinta duk amfanin Baba yake, kuma a cikinta aibinsa yake.

Bai karɓi kuɗin gani ba, ko sisi. A ƙafa muka yi yawon, yini biyu, a watan Fabrairun 2024, yana gaba ina biye, yana shiga lungu yana fita lungu, kowace ƙofa sai an gaishe shi. Gidan farko na ƙasa ne, tsohon gini mai rufin azara da soro biyu, katangarsa da kauri sosai. Da tsakar rana muka shiga amma ɗakin sanyi ƙalau, irin sanyin da ba ka samu a ginin bulo. Naira 90,000 a shekara. Sai dai iyali biyar ne a ciki, masai ɗaya, rijiya ɗaya, murhu a jere a tsakar gida, kuma duk shekara sai an yi yaɓe kafin ruwa ya sauka. Shi da kansa ya ce, "Wannan ba na iyalinka ba ne, tunda ta saba da banɗakinta ita kaɗai. Na kawo ka ne ka san farashi." Na biyu bene ne sabo, irin waɗanda suka cika cikin gari yanzu: an raba gado, kowa ya samu ɗan siririn fili, sai ya ɗaga gini sama. Tayil ƙal-ƙal, fenti mai kyau, amma taga ɗaya ce, ita ma katangar maƙwabci take kallo. A Fabrairu ma ina gumi a ciki, balle Afrilu. Naira 350,000. Na ce a'a.

A hanyarmu ta dawowa ne muka wuce wani gida a rufe, da ƙofar ƙarfe, bakin lungu sosai, har mota za ta iya tsayawa a gabansa. Na tsaya. Na ce, "Baba, wannan fa?" Bai ko rage tafiya ba. Sai da muka yi nisa ya ce mai gidan ya rasu, ya bar 'ya'ya goma sha ɗaya daga ɗaki uku, ba a raba gado ba, babban wan ne yake karɓar haya, sauran kuma sun kai magana kotu. "Ana ba ni makullinsa na ƙi karɓa. Ka ba da kuɗinka yau, gobe a ce an sayar za a raba. Wa za ka riƙe a cikin sha ɗaya?" Raina ya so gidan nan ƙwarai, har na kwana ina tunanin ko tsoron tsufa ne kawai. Wani bawan Allah ya kama shi ta hannun wani dillalin. Kafin Babbar Sallah aka sayar da gidan, na gan shi da idona yana loda kaya, kuma har yau ban ji an mayar masa da ragowar kuɗinsa ba.

Wannan kaɗai ya biya la'adar da na ba Baba. A cikin gari yawancin gidaje na gado ne, kuma abin da ɗan haya ya fi bukata ya sani shi ne wa ke da ikon ba da hayar. Ba a ganin wannan a hoto, ba a jin sa a bakin saurayin da ya zo daga wata unguwa da waya a hannu. Sai wanda ya halarci jana'izar mai gidan, ya san matansa, ya san ɗan da ke da rikici.

Gida na uku shi na kama. Sashe ne da aka yanka daga gaban gidan wata Hajiya da mijinta ya rasu, an riga an raba, kasonta da na 'ya'yanta mata ne, da takarda. Ciki da falo, ɗan kicin, banɗaki namu, da tsakar gida da ba ta fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Soro muke haɗawa da ita da wani ɗan hayar. Baba ya yi mana sallama, muka gaisa da Hajiya ta bayan labule, washegari mai ɗakina ta je ta yini a wajenta. Naira 250,000 ta nema, Baba ya yi ta lallaɓa ta har ta sauko 220,000. La'adarsa kashi 10 cikin 100, wato 22,000, a kaina. Na ba da kafin alƙalami 20,000, na cika sauran bayan sati ɗaya. Abin da ya burge ni, bai yarda kuɗin hayar ya bi ta hannunsa ba. Ya ce in ƙirga a gaban shaidu in miƙa wa mai shi. Da hannu aka rubuta yarjejeniya, da Hausa, kwafi biyu: gyaran rufi da katanga na mai gida, yashe masai a raba, wanda zai tashi ko za a tasa a ba shi wata uku. Ubangidana ya sa hannu ta ɓangarena, na'ibin masallaci ta ɓangarenta. Daga nan ya kai ni wajen mai unguwa ya gabatar da ni. Duk wannan a yamma ɗaya.

Ya kuma gargaɗe ni game da lungun. A-kori-kura a bakin titi ta tsaya, 'yan baro da 'yan dako suka ƙarasa da kayan. Gado da wadirof sai da kafinta ya kwance su, doguwar kujera kuwa ta kan katangar maƙwabci aka zura ta da igiya saboda ta ƙi shan kwana. Adaidaita ba ta shiga, acaɓa kuma tun 2013 aka hana shi a Kano, don haka duk inda za ka sai ka taka minti biyar zuwa titi. Wannan na sani kafin in shiga, ban kuma riƙe kowa da shi ba. Kafin azumi muka tare.

Abu biyu ne bai faɗa min ba, kuma duka biyun ruwa ne.

Na farko ruwan sha. Na ga kan famfo a tsakar gida, na ga rijiya a sashen Hajiya, ban tambaya ba, shi ma bai ce komai ba. Famfon ba ya kawo ruwa. Rijiyar kuma da zarar zafi ya shigo sai ta ja baya, abin da guga ke ɗebowa na wanki ne kawai. 'Yan ga-ruwa kurarsu ba ta shiga lungun, sai su ajiye ta a baki su ɗauko jarka biyu-biyu a hannu, saboda haka kowace jarka da ƙarin kuɗi a kan abin da mutanen bakin titi ke biya. Jarka shida muke sha a rana. In ka tara na shekara, wani kaso ne mai kauri na abin da na gudo wa a kuɗin mota. Wutar lantarki ma mita ɗaya ce mu uku, kuma an sha ɗan ja-in-ja a kan wa ke da firji wa ke da dutsen guga, amma wannan mun daidaita a tsakaninmu.

Na biyun shi ne ya yi min ciwo. Wani dare a watan Agustan 2024 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wajen ƙarfe biyu mai ɗakina ta tashe ni, tana da ciki wata bakwai a lokacin, ta ce ƙafarta a ruwa take. Na haska rufi, babu ɗigo ko ɗaya. Ta ƙasa yake zuwa. Rariyar da ya kamata ta fitar da ruwan tsakar gida ita ke dawo da na kwata, wani kuma yana malalowa ta ƙarƙashin ƙofar soro. Dalilin a fili yake ga wanda ya sani: shekara da shekaru ana cike lungun da ƙasa da ɓaraguzan gini, aka zo aka shimfiɗa masa intalok, sai lungu ya yi tudu tsofaffin gidaje suka koma rami. Duk ruwan yankin nan rafin Jakara yake nema, in leda da robobi suka toshe kwata, sai ya nemi gidan da ya fi kwari. Namu ne. Katifa ta tafi, kafet ya tafi, rabin buhun shinkafa, da atamfa turmi shida da na kawo gida zan kai wa wata mai biki. Maƙwabta ne suka fito da bokitai muka yi ta kwarfa har kiran assalatu. Hajiya ta ɗauke yaran da uwarsu zuwa ɗakinta.

Da gari ya waye na ga fentin gindin bango ya kumbura. Na sa farce na ɓare, sai ga tsohon layin ruwa a ƙasa, taƙi guda daga daɓe, zagaye da ɗakin. Mai shagon bakin lungu ya ce ai duk shekara ne, wanda ya tashi kafin ni ma abin da ya tashe shi ke nan.

Na tafi rumfar Baba ban ko karya ba. Na gaishe shi kamar kullum, sannan na ce, "Baba, ka san ruwa yana shiga gidan nan?" Ya yi shiru ya jima yana jan carbi. Ya ce, "Na san yana ɗan taɓawa. Ban zaci ya kai haka ba." Na ce, "Baba, da ka faɗa min, wataƙila da zan kama gidan duk da haka. Amma da na ɗora kayana a kan bulo, da ban kawo kayan mutane gida ba, da ban bar mace mai ciki ta kwana a ƙasa ba." Bai yi musu ba. Ya ce Hajiya marainiyar Allah ce, da kuɗin hayar nan take ci, sashen ya yi wata biyar a rufe, ya ji tsoron kada in fasa.

Na yarda gaskiya ya faɗa min a ranar, kuma shi ya sa abin ya tsaya min a rai. Ni na biya la'ada, amma Baba ba nawa ba ne, na unguwar ne. Zaman da ya yi da su shekara saba'in shi ya sa ya san gidan da ke kotu ya kare ni daga gare shi, kuma zaman nan shi ya ɗaure masa baki a kan aibin gidan matar abokinsa. Ba cuta ya nufa ba, tausayi ne, amma tausayin da ni na biya kuɗinsa. Wanda ya karɓi la'adar mutum, haƙƙi ne a kansa ya bayyana masa aibin da ya sani, kamar yadda ni ma in turmi yana da tabo ba ya halatta in naɗe shi ciki in miƙa.

Abin da ya yi bayan haka dole in faɗe shi, don samarin Facebook da an biya su ba ka sake samun su a waya. Bayan la'asar a ranar ya zo da magini. Aka ɗaga dokin ƙofar soro da bulo biyu, aka cike tsakar gida aka sake daɓe, aka toshe tsohuwar rariya aka fitar da sabuwa da bututu daga sama. Naira 48,000 ya ci. Ni na biya, amma Baba ya zaunar da Hajiya da surukinta, aka rubuta a bayan takardar yarjejeniya cewa za a cire daga hayar baɗi. Katifa da atamfa kuwa babu wanda ya biya ni, ni ma ban nema ba. A daminar bana sau ɗaya ruwa ya hau soro, bai shiga ɗaki ba.

Da shekara ta zagayo surukin Hajiya ya ce 300,000. Baba ya yi ta kai-kawo tsakaninmu har aka tsaya a 260,000, aka cire kuɗin gyara. Bai nemi la'ada ta biyu ba, alhali na san dillalan da ke karɓa duk sabuntawa. Ni na kai masa 5,000 na goro.

Kada wanda ya karanta ya ɗauka nadama nake. Da safe a ƙafa nake ratsawa ta gefen filin Idi in shiga Kwari, minti goma sha biyar. Abincin rana daga gida yaro yake kawo min da zafinsa. Yarana biyu suna makarantar allo da asuba a soron da ke kallon namu, Islamiyya da yamma a bayan masallaci, babu mai tsallaka titi. In ana sha'awar gurasa, ga Jakara nan kusa. Daren da naƙuda ta kama mai ɗakina, matan lungu uku ne suka riƙe ta zuwa titi, wani maƙwabci ya tayar da Adaidaitarsa, cikin 'yan mintoci muna Asibitin Murtala, kuma ya ƙi karɓar ko kuɗin mai. Hajiya ce ta tsaya a kan wankan jego har aka yi arba'in, kamar 'yar da ta haifa. Shekara shida na yi a bayan gari, ban san sunan wanda ke bayan katangata ba. Akwai sauro, akwai warin kwata da zafi, akwai hayaniya har sha biyun dare, muna kuma ba 'yan sintiri 500 duk wata saboda masu ƙwacen waya. Duk da haka mai ɗakina ta ce ko an ba ta gida kyauta a can ba za ta koma ba.

Mai mota kada ya wahalar da Baba, yawancin abin da ke hannunsa babu wurin ajiye ta. Wanda ba shi da aure ma da wuya ya sama masa fiye da shago mai ƙofa a waje, kuma sai da wanda zai tsaya masa. Amma magidanci mai neman kusa da Kwari ko Wambai ko Kurmi, zan tura shi wajensa ba tare da shakka ba, in dai zai yi wa kansa tambayar da Baba ba zai fara yi masa ba.

Makon jiya na raka wani abokina mai tebur a layinmu, wanda zai yi aure bayan damina. Baba yana da ciki da falo a Zango. Na ce masa a gaban abokin, "Baba, ba za mu gani yau ba, sai an yi ruwa." Ya dube ni ya ce to. Ranar Alhamis aka yi ruwa da asuba, muka je da hantsi. Na duba tudun lungu da na tsakar gida, na shafa gindin bango, na murɗa famfo, na tsaya wajen mai shagon bakin lungu na tambaye shi nawa ake kawo jarka. Muna cikin ɗakin, kafin mu ɗaga kai, Baba ya nuna wata kusurwa da sandarsa ya ce nan tana yoyo, indararon ne ya karye, zai sa a gyara kafin a ba da ko sisi. Abokin nawa bai yanke ba tukuna. Ranar Asabar zai koma da yayarsa ta duba kicin.